Ga Mai Ginin da Ya Tsaya a Linta

Ɗana,

Mahaifiyarka ta gaya mini ginin ya kai linta ya tsaya, kuma kai da magininka kun fara 'yar tsama. Lissafin da ya yi maka tun farko bai kai ku inda ya ce zai kai ba. Kai kana zargin ya ci kuɗinka, shi kuma yana rantsuwa kasuwa ce ta ci. Ba shari'a zan yi muku ba. So nake ka ɗan saurare ni kafin ka sake zuba ko kwabo a filin nan, domin gaɓar da kake a kai yanzu ita ce wadda mutane suka fi yin ɓarna a cikinta. Kuɗi ya ja baya, zuciya ta ƙagu a tare, ga 'yan'uwa suna ta tambayar yaushe za a yi rufi. A irin wannan hali ne mutum yake fara neman inda zai rage, kuma sau da yawa abin da bai kamata a taɓa ba shi yake fara taɓawa.

Ka tuna yadda abin ya gudana a gaban idonmu. A farkon 2023 buhun siminti bai kai naira 5,000 ba a yawancin garuruwa. Ranar 29 ga Mayu ta wannan shekara sabon shugaban ƙasa, Bola Tinubu, ya ce tallafin man fetur ya ƙare, bayan kamar mako biyu kuma aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dalar da ake samu a hannun gwamnati wajen naira 460 ta tsallake 700 cikin 'yan kwanaki, kafin Fabrairun 2024 ya fita ta kai 1,500. A tsakiyar wannan guguwa, cikin Oktoban 2023, kamfanin BUA ya sanar da cewa ya mai da buhu naira 3,500 a bakin masana'anta. Jama'a suka yi ta murna, wasu har suka dakatar da sayayya suna jiran arahar ta iso unguwarsu. Yawancinsu ba su gan ta ba. Wata huɗu bayan haka buhu ya haura 10,000, har sai da ministan ayyuka David Umahi ya tara masu kamfanonin siminti a Abuja, aka tashi a kan kada buhu ya wuce 7,000 zuwa 8,000. Ya ɗan sauko daga baya, amma inda ya taso bai sake komawa ba. Duk maginin da ya yi wa mutum lissafi kafin wannan lokaci, ya ci gaba da aiki bayansa, dole lissafinsa ya ƙaryata shi, ko da waliyyi ne.

Na san tambayar da ke bakinka, don kowa ya yi ta: dutsen da ake ƙonawa a yi siminti ai namu ne, a Obajana ta jihar Kogi yake, a Kalambaina ta Sakkwato yake, a Ashaka ta Gwambe yake, to ina ruwan dala? Dutsen namu ne, gaskiya. Amma iskar gas da ake hura tanderun da ita da lissafin dala ake sayar wa kamfanonin, kayan gyaran injina daga waje ake shigo da su, tirelar da za ta ɗauko kaya daga Obajana ta bi ta Lakwaja da Abuja da Kaduna kafin ta iso Kano kuwa dizal take sha, kuma dizal tun 2022, da yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, ya ninka kuɗinsa ya wuce. Wannan shi ne uzurin da kamfanonin ke bayarwa, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai ni ba na karɓarsa duka. Kasuwar da kamfanoni uku suka riƙe kusan gaba ɗayanta, ba kasuwa ce da farashi ke saurin sauka a cikinta ba, ko da dalilin tashinsa ya kau. Amma wannan magana ce ta masu mulki. Kai da ni ba mu da igiyar da za mu ja a can.

Abin da ya fi maka amfani shi ne ka iya bambance tashin farashi iri biyu, don maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai tashin da ƙarancin kaya da firgici ke kawowa, akwai kuma wanda faɗuwar darajar kuɗi ke kawowa. Na farko yakan sauka. Dubi abin da ya faru a Amurka, inda yawancin gidajen zama da katako ake tayar da su tun daga bango har rufi. Da cutar korona ta zo a 2020, masu injinan yankan katako suka rage aiki suna zaton gini zai tsaya. Sai aka samu akasi: mutane suna zaune a gida, bashin banki ya yi sauƙi, kowa ya tashi gyara da ƙari. Ma'aunin katakon da suke ciniki da shi, wanda ya saba zama wajen dala 400, ya haura 1,600 a watan Mayun 2021, har ƙungiyar masu gina gidaje ta ƙasar ta ƙiyasta cewa katako kaɗai ya ƙara kusan dala 36,000 a kan kuɗin sabon gida. Zuwa Agusta na wannan shekarar ya faɗo ƙasa da 500. Wanda ya firgita ya cika rumfarsa a watan Mayu ya yi kuka, wanda ya yi haƙurin wata uku ya tsira.

Namu kuwa, mafi yawansa iri na biyu ne. Mu da muka ga 1986, lokacin da gwamnatin Babangida ta karya darajar naira, mun san yadda yake. Mutane da yawa sun ajiye aiki a lokacin suna cewa bari abubuwa su lafa. Kuɗin da suka ajiye ya narke a hannunsu, ginin ya zama kango, awaki suka mai da shi wurin kwana. Saboda haka idan ka ga buhu ya yi tsalle cikin sati ɗaya, dillalai suna ɓoye kaya, kowa yana cewa gobe zai ninka, to wannan da firgici a ciki, ka ɗan ja numfashi, kada ka sayi kaya ranar da kowa ke gudu. Idan kuwa ka ga yana hawa a hankali tare da kuɗin gero da na mota da na makaranta, to kada ka zauna jiran ya koma na shekaran jiya. Duk kuɗin da ya shigo hannunka da sunan gini, ko na adashi ne ko na amfanin gona, kada ya kwana wata a asusu. Ka mai da shi kaya.

Amma ba kowane kaya ke ajiyuwa ba, kuma nan ne masu ɗoki ke faɗawa rami. Rodi kamar gero yake, zai jira ka a rumbu. Siminti kuwa tumatir ne. Raɓar iska kaɗai ta isa ta fara kashe shi a cikin buhunsa, bayan wata uku ƙarfinsa ya fara raguwa ko da ka ga bai dunƙule ba. Gwamnati ma ta taɓa koyon wannan darasi da tsada. A 1975, lokacin da kuɗin mai ya yi yawa, aka yi odar siminti wajen tan miliyan 20 daga ƙasashen waje, jiragen ruwa sama da 400 suka yi cirko-cirko a bakin tashar Legas wata da watanni babu wurin sauke kaya, simintin da yawa ya daskare a cikinsu ya zama dutse, ga kuɗin jira ana biya kullum. To idan ka sami kuɗi, ka sayi rodi ka ɗora shi a kan itace kada ya taɓa ƙasa, ka rufe. Ka sayi kwanon rufi, bandir ɗaya falle ashirin ne, ka ƙirga a gabanka. Ƙusa, wayar wuta, bututun ruwa, duk suna jira. Siminti kuwa, ko ka saye shi daidai aikin sati biyu ko uku, ko ka buga shi bulo nan take, don bulon da aka shayar da ruwa sosai ƙara ƙarfi yake yi da zama. Idan dole ta sa ka ajiye, a ɗaki mai rufi, a kan katako, nesa da bango, kada tsibin ya wuce buhu goma.

Wasu sukan ba dila kuɗi su ce za su riƙa ɗiba a hankali. Dabara ce mai kyau idan dilan mutumin kirki ne mai shago tsayayye, amma da sharaɗi. Kada a rubuta cewa kana da naira kaza a wurinsa. A rubuta kana da buhu kaza, na kamfani kaza, za a ba ka rana kaza. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsara wannan a babin salam: a biya kuɗi duka tun farko, a siffanta kaya yadda babu gardama, a yanke lokaci. Wanda ya bar kuɗinsa a matsayin kuɗi, ranar da farashi ya tashi za a ce masa ai da farashin yau za a auna masa, daga nan sai a tafi wurin mai unguwa.

Katako labarinsa daban ne, kuma tunda rufi ne a gabanka bari in daɗe a kansa. Ba masana'anta ke yin sa ba, daji ke bayarwa, dajin kuma nesa yake da mu. Yawancin abin da kake gani jibge a 'Yan Katako ta Na'ibawa ko ta Rijiyar Lemo, ko a Dei-Dei ta Abuja, daga kurmin kudu ya taso, Ondo da Edo da Kuros Riba da makamantansu. Kafin ya iso hannunka ya biya mai sara, ya biya mai injin yanka, ya sha dizal na kwana da kwanaki, ya biya kuɗin shinge a hanya, na halal da wanda ba na halal ba. Da damina ta kankama a kudu hanyoyin daji sukan lalace, gungume ya yi wuyar fitowa. A nan arewa kuma, iskar farkon damina tana kwashe rufin gidaje, sai kowa ya ruga neman katako da kwano lokaci guda. Ka ga ke nan farashinsa yana da kakarsa, ban da abin da naira ke yi masa. Mai hankali da rani yake sayen katakon rufinsa, tun kafin bazara ta yi nisa.

Ga shi kuma dajin kansa raguwa yake yi. Manyan itatuwa irin su loko da maɗaci, waɗanda kafintocin dā ke yin ƙofa da su ta shekara hamsin, yanzu sai mai hali. Madobiya ma, wadda take tamu ce ta nan yankin, an yi mata sara na rashin imani a Taraba da maƙwabtanta ana lodawa zuwa ƙasar Sin, har ta kai a 2018 hukumar duniya mai kula da cinikin itatuwa da namun dajin da ke fuskantar ƙarewa ta sa aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya. Abin da ya cika kasuwa yanzu ƙananan itatuwa ne da ba su gama ƙosawa ba, da malaina wadda ake shukawa ta girma da wuri.

Yanzu ka lura da wannan, don shi ne zuciyar maganata. Mai katako yana jin nauyin ya dube ka ya ce ya ƙara kuɗi, ya san za ka wuce rumfar gaba. Sai a bar kuɗin kusa da yadda ka sani, a je wurin yanka a rage kauri. Ka ce a ba ka tu-bai-fo, a miƙo maka abin da idan ka ɗora masa awo bai kai inci biyu da huɗu ba ta kowane gefe, tsawon ma da ya kamata ya zama ƙafa goma sha biyu an ɗan gutsure. Ko a ba ka ɗanye, mai nauyi saboda ruwan da ke cikinsa, ka ɗauka nauyin inganci ne, bayan an buga kwano zafi ya dake shi ya karkace, ƙusa ta saki. Ko a cakuɗa maka farin katako cikin ja, wanda gara za ta gama da shi cikin 'yan shekaru. Tsadar da ka ƙi biya a kasuwa ba ɓacewa take yi ba, ɗana. Shiga cikin ginin take yi ta zauna, inda ido ba ya gani.

Haka abin yake a rodi. Idan ka shiga kasuwar Ƙofar Ruwa za ka tarar da rodi ɗan sha biyu kala-kala, kowanne da kuɗinsa, kuma duka sunansu sha biyu. Ga lissafin da zai tsare ka: rodi mai kaurin milimita 12 da tsawon mita 12, idan cikakke ne, guda 93 ko 94 ke yin tan ɗaya. Ɗan sha shida kuwa guda 52 ko 53. Idan aka yi maka albishir cewa tan ɗin wani shago ya fi na kowa yawan guda, ba kyauta aka yi maka ba, siririn ƙarfe ne. Ka tafi da ma'aunin kauri, ba shi da tsada, ko ka sa a ɗora a sikeli. Ka sa a lanƙwasa guda ɗaya a gabanka. Mai kyau zai lanƙwasu, marar kyau zai tsage.

Haka yake a bulo. Mai buga bulo na sayarwa shi ma yana tsoron ƙara kuɗi, sai ya ƙara yashi. Ni dai a bulo mai inci tara ba na yarda buhu ɗaya ya fitar da abin da ya wuce talatin ko talatin da 'yan kai, amma akwai masu tatsar hamsin daga buhu. Irin wannan da farce za ka kankare shi. Haka kuma yake a kwaɓin kankare. Abin da aka saba a ginshiƙi da linta na gida irin naka shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhu ɗaya, wanda shi ne kwanon lebura biyu, da kwano huɗu na yashi, da takwas na tsakuwa. Ranar da mai gida ya matsa wa magini cewa lallai buhu ashirin su yi aikin talatin, magini ba zai yi musu ba, don yana son aikinsa. Zai sa yaro ya ƙara kwano biyu na yashi a kowane kwaɓi, a yi filasta a shafa fenti, kowa ya zo ya yi barka. Ba kowane ginin da ya rufta a ƙasar nan ne tsada ta kayar ba, amma idan ka ji bayanin masu bincike bayan an kwashe ɓaraguzai, da wuya ka rasa jin maganar siririn rodi da kwaɓin da ba shi da siminti. Iyalinka ne za su kwana a ƙarƙashin wannan linta.

To me za a rage, tunda dole a rage? Girman gidan. Na ga zanen da ka yi, ɗaki huɗu da falo biyu, kowane ɗaki da banɗakinsa, da niyyar ɗora bene wata rana. Niyya ce mai kyau, Allah ya cika maka. Amma babu dokar da ta ce sai an gama duka rana ɗaya. Iyayenmu ɗaki ɗaya da zaure suke fara yi, su kewaye fili, gida ya riƙa girma tare da iyali. Ka zaɓi ɓangare guda, ɗaki biyu da falo da banɗaki da kicin, ka rufe shi, ka sa ƙofa da taga, ka tare. Kuɗin hayar da kake biya duk shekara ya dawo ya zama bulo. Sauran bangon ka rufe samansa da siminti kaɗan don kada ruwa ya riƙa shiga ramukan bulo, zai jira ka. Tayil, silin na ado, fenti mai tsada, fitilu masu ƙyalli, ƙofar waje mai zane, duk waɗannan ana iya yin su bayan shekara biyar kana ciki, kuma rashinsu bai taɓa kashe kowa ba. Daɓen siminti mai santsi ya raini mutane da yawa da suka zama manya. Rufin nan mai tsini da ya zama yayi, wanda ke cin katako da kwano kusan ninki, ka bar wa masu shi. Ruwan samanmu bai kai ya buƙaci wannan tsayi ba, kuma iska ta fi samun abin kamawa a jikinsa.

Maganar bene kuwa, ka yanke ta yanzu. Idan da gaske za a ɗora, to harsashi da ginshiƙai tun daga ƙasa ake yi musu shiri, kuma sai injiniya mai rajista ya duba abin da aka riga aka binne ya ce zai ɗauka. Idan ba a yi wannan shiri ba, ka cire bene daga ranka, ka huta.

Wani lokaci ina tuna cewa mutanen da suka gina masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830, ƙarƙashin Babban Gwani Muhammadu Durugu, ba su san buhun siminti ba. Ƙasa ce da tubali da azarar giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba. Da yake azara ba ta iya tsallaka fili mai faɗi ita kaɗai, sai suka yi amfani da bakan gizo da ɗaurin guga suka rufe manyan ɗakuna da gajerun itatuwa. Ba cewa nake ka koma ginin ƙasa gaba ɗaya ba. Giginyar ma ta yi ƙaranci, maginan da suka iya aikin sun ragu, kuma na san maiɗakinka ba za ta yi mini godiya ba. Amma ɗakin ajiya, ko turken dabbobi, ko rumfar zama a tsakar gida, babu abin kunya a yi su da abin da ke ƙarƙashin ƙafarka, a ajiye siminti don inda babu makawa sai shi.

Saura tsakaninka da magini. Kada ka ɗauka ku kaɗai ne farashi ya haɗa faɗa. Aikin hanyar Abuja zuwa Kaduna da Zariya da Kano an ba kamfanin Julius Berger shi a ƙarshen 2017 a kan wajen naira biliyan 155. A 2021 aka faɗaɗa aikin, kuɗin ya koma kusan biliyan 797. A Nuwamban 2024 gwamnati ta karɓe ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga hannun kamfanin, bayan sun kasa daidaitawa a kan sabon farashi. Waɗannan masu lauyoyi ne da ƙwararrun masu ƙididdiga a kowane ɓangare. Ina ga kai da ka yi jinga da baki a gindin bishiya?

Jingar gida sukutum, a ce ga kuɗi kaza ka miƙo mini makulli, ba ta dace da wannan zamani ba. Idan kaya suka tashi, ko magini ya gudu ya bar aikin, ko ya rama asararsa a cikin bango. Ku raba kuɗin aiki da kuɗin kaya. Kayan kai za ka saya, ko ku je tare, a kawo rasit. Aikin kuma ku yi jingarsa gaɓa gaɓa: daga linta zuwa ɗaurin rufi kaza, rufi kaza, filasta kaza, kowace gaɓa a yi cinikinta lokacin da za a fara ta, a biya idan an gama an duba. Kada kafin alƙalami ya yi yawa har ya zama shi ne ke riƙe da kai. Idan ya kawo maka lissafin kaya, a sa kwanan wata a kai, a rubuta farashin kowane abu na wannan rana, ku yarda cewa bayan sati biyu sai an sake tambayar kasuwa. Ku kuma yarda tun yanzu cewa idan kaya suka sauka, saukin naka ne, don mutane sukan manta da wannan ɓangaren. A rubuta, a sa shaidu biyu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, saboda haka kada kunya ta hana ka, ko da maginin ɗan unguwarku ne.

Shi ma ka yi masa adalci. A 2024 hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin 100, abinci ma ya fi haka. Leburan da ke ɗaukar kwano a kansa tun safe har la'asar, kwanon masarar da yake saya wa iyalinsa ya tashi kamar yadda simintinka ya tashi. Ba daidai ba ne ka yarda ka biya ƙarin kamfani ba tare da gardama ba, don ba ka da yadda za ka yi, sannan ka zo ka huce a kan ladan mai ƙaramin ƙarfi. Wanda aka danne wa haƙƙi ba ya shayar da bulo sau biyu a rana idan ba ka nan. Amma idan ka duba takardu ka ga an biya shi kuɗin wani aiki cif, kaya ma an saya tun kafin su tashi, to wannan babu uzuri. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ka kira shi gefe, ba a gaban yaransa ba, ku bi lissafin layi layi.

Bashi mai kuɗin ruwa kuwa, ko ba a zo maganar haramci ba, lissafi kaɗai ya isa ya hana ka. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai nasa ma'aunin kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuma sama da haka suke bayarwa a lokacin. Gidan zama ba ya haihuwar kuɗin da zai biya wannan.

Idan ka amince da shawarar rufe ɓangare guda, ga yadda za ka bi. Ka ɗauki kafintan da zai yi aikin ku je kasuwa tare, da awo a aljihunka, shi ya zaɓa kai ka biya. Jan katako za ku saya na ɗaurin rufi, ko da za a rage yawan ɗakuna saboda shi. Ku auna guda biyar ko shida daga tsakiyar tsibi, ba na sama da aka jera don ido ba. Idan an kawo, a jera shi a inuwa, a sa 'yan sanduna tsakanin layi da layi iska ta riƙa ratsawa, ya sha sati biyu ko uku kafin a hau da shi. A shafe shi da maganin gara ta kowane gefe, har kan da aka yanke. Baƙin man inji da wasu ke shafawa ya fi babu, amma bai kai magani ba. Kafin a ɗora katako, ka tabbata an binne langa-langa ko siririn rodi a cikin kankaren saman bango, tazara kaɗan kaɗan, wanda za a naɗe katakon da shi, don ƙusa kaɗai ba ta riƙe rufi ranar da iskar gabas ta taso. Kwanon kuma ka duba kaurinsa kamar yadda ka duba na rodi, shi ma akwai wanda aka sirance har yatsa ke lotsa shi. Ka yi ƙoƙari a gama kafin ruwan farko.

Ka gaishe da maiɗakinka da yara.

Baffanka.